Maganin Ɗalibi: A Saya Sari Ko Ɗai-ɗai?

Manomin Minjibir ya san bambancin sayen taki kwano-kwano da haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauko buhuna a mota guda. Wannan lissafin ne har yau bai zauna ba a asibitocin manyan makarantun Jihar Kano.

Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, wato TISHIP, inda ɗalibi ke biyan wani abu tare da kuɗin rajista kowace shekara. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ma ta wajabta wa kowane ɗan Nijeriya shiga irin wannan tsari. Sai dai amfanin inshora yana ga yawan masu zubi. Jami'ar Bayero, da dubban ɗalibanta, tana iya riƙe likitoci da ɗakin gwaje-gwaje, domin kuɗin injin gwajin jini ɗaya ne, ko mutum goma aka auna a yini ko ɗari biyu. Ƙaramar makaranta irin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta ba ta da wannan rata. Idan ta sayi magani kaɗan ta saya da tsada, idan kuwa ta cika shi ya lalace a kan kanta kafin a sha. Ɗalibi ɗaya da ya buƙaci tiyata yana iya girgiza asusun shekara.

Abin da ya dace shi ne makarantun jiha, daga Wudil zuwa Kumbotso da Ɗambatta, su zuba kuɗin a asusu guda, su sayi magani sari ta hannun hukumar samar da magunguna ta jiha. Mai odar kwali dubu shi ke taya farashi, kuma ya fi iya bin diddigin jabu.

Haɗa asusu dai ba ya nufin tattara asibitoci a cikin birni. A nan ne masu son girman tsari kan yi kuskure. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta da damina, kuma idan hutu ko yajin aiki ya faɗo a lokacin, ɗalibi yana gida yana taya noman gero da dawa. Wanda zazzaɓi ya kwantar a Kunya ba zai shiga mota zuwa Kano don katinsa can kaɗai yake aiki ba. Kemis zai nufa, ya biya sau biyu. Tunda hukumar KSCHMA tana hulɗa da asibitocin gwamnati a ƙananan hukumomi, ita ya kamata a ɗora wa nauyin ganin katin ɗalibi ya karɓu a babban asibitin Minjibir kamar yadda yake karɓuwa a makarantarsa.