RA'AYINMU: Matasanmu a Cikin Jam'iyyu, Mu Saurare Su Kafin Mu Yi Musu Faɗa



Duk wanda yake ɗan tsayawa a harabar majami'a bayan an tashi sujada ran Lahadi, ko a Kazaure ne ko Babura ko Roni ko Gwiwa, ya san hirar matasanmu ta canza. A da ƙwallo ne da jarrabawa da neman aiki. Yanzu kuwa siyasa ce. Akwai masu katin APC a aljihu, akwai 'yan PDP tun na gado, akwai waɗanda suka yi wa Peter Obi ko Kwankwaso aiki a zaɓen 2023, akwai kuma masu leƙen ADC tun da wasu manyan 'yan adawa suka rungume ta a watan Yulin 2025. Wannan ya tayar da hankalin wasu dattawanmu, har suna ganin ya kamata a hana yaran nan shiga abin da suke kira ƙazanta. Mu kuwa muka ga ya fi kyau mu fara saurare tukuna. Mun saurara, ga kuma abin da muka ji, da abin da muke gani a kai.

Matasanmu da ke cikin jam'iyya mai mulki suna da hujjarsu. Suna tuna mana cewa tun komawa mulkin farar hula a 1999, wannan yanki namu ya ba Jihar Jigawa gwamna har sau biyu: Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Muhammad Badaru Abubakar na Babura daga 2015 zuwa 2023. Suna nuna makarantar koyon kwamfuta da aka kafa a Kazaure zamanin Saminu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu wadda gwamnatin tarayya ta karɓa, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Suna ƙara da bashin karatu da gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai a 2024, da mafi ƙarancin albashi da aka mayar naira 70,000 a shekarar. A ganinsu, jama'a 'yar kaɗan irin tamu ba ta da gatan tsayawa a waje, gara a zauna kusa da inda ake rabon.

Na adawa kuma ba su rasa abin faɗa ba. Suna farawa da ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin nan ta haura 1,000 a 2024, kuɗin mota daga Kazaure zuwa Kano ya bi ta, buhun taki ma haka. Suna tuna rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya durƙusar da kasuwa irin ta Maigatari har zuwa buɗewa a Maris 2024. Suna tuna Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, inda mutum sama da 150 suka ƙone a watan Oktoban 2024 wajen kwasar man da ya zube daga tankar da ta faɗi, suna cewa talauci ne ya kai mutane bakin wutar nan. Manoman cikinsu suna kukan cewa a 2025 farashin hatsi ya faɗi amma taki bai sauko ba. Sannan suna tambaya: in Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina amfanin hukuncin in zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024 ya ba jam'iyya ɗaya kujerun shugabanci duka 27?

Akwai kashi na uku, waɗanda abin da ya fi ci musu rai shi ne tikitin Musulmi da Musulmi da APC ta tsayar a 2023. Da yawansu sun sa zuciya a kan Peter Obi, suka yi yawo gida gida. Da sakamako ya fito, Obi bai kai ƙuri'a 2,000 ba a duk faɗin Jigawa, alhali Tinubu ya haura 400,000, Atiku Abubakar kuma yana biye da shi kusa kusa. Wasunsu tun daga ranar suka ce sun bar siyasa har abada.

Ba aikin wannan shafi ba ne ya ce wa kowa ga jam'iyyar da zai bi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kowanne kuma yana da abin da yake rufe ido a kai. Abin da ya ja hankalinmu dabam ne. In aka ajiye sunan jam'iyya gefe, aka tambayi matasan nan abin da yake damun ikkilisiyarsu, bakinsu ɗaya ne. Filin gina majami'a da takardar mallakarsa. Maƙabarta. Malamin da zai koyar da darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda wani lokaci sunan yaro kaɗai yake sa a yi ta ja masa rai. Gurbin aiki da tallafin karatu. Amma da muka tambaya wane ne ya taɓa tashi a taron jam'iyya na mazaɓarsa ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai aka yi shiru, aka shiga kallon juna.

Nan ne gizo yake saƙar. Matasanmu sun iya muhawara a kan Abuja, sun san sunan kowane minista, suna kwana a Facebook da WhatsApp suna kare mutanen da ba su san da zamansu ba. Amma abubuwan da suke damunmu ba a Abuja ake yanke su ba. A ofishin ƙaramar hukuma ake yi, da wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, da sakataren ilimi, da ma'aikatar filaye a Dutse. Jigawa tana da mazaɓun kansila 287, kowace jam'iyya kuma tana da shugabanni a kowace mazaɓa: ciyaman, sakatare, ma'aji, shugaban matasa, shugabar mata. Daga nan aka fitar da wakilan da suka zaɓi 'yan takara a zaɓen 2023. Wanda ba ya wurin ranar da ake wannan, sai dai ya zo ya dangwala wa wanda wasu suka zaɓa masa.

Ƙuri'un 2023 sun koya mana darasin da bai kamata mu ji kunyarsa ba: yawanmu ba zai ɗora kowa a kujera ba, ba kuma zai sauke kowa ba. Saboda haka siyasar "mu da su" asara ce gare mu tun kafin a fara. Ƙarfinmu yana cikin zama mutanen da ake yarda da su. Sakataren mazaɓa da ba ya cin kuɗin taro, wakilin akwati da ba a saye shi, ma'ajin da lissafinsa yake fita daidai, irin wannan ko shi kaɗai ne Kirista a garin, in ya yi magana za a ji. Yawancin bukatunmu ma ba namu ba ne mu kaɗai. Rijiyar burtsatse da ta lalace ba ta tambayar addinin mai jan ruwa, haka asibitin da ba magani da ajin da ba malami. Matashin da ya tsaya tare da maƙwabtansa Musulmi a kan waɗannan, ranar da ya kawo maganar maƙabarta zai sami masu mara masa baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga dattawanmu masu cewa mai bi ba ya siyasa, muna roƙo da girmamawa a tuna baya. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, Kirista ne, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, har ya shugabance ta a farkonta. Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ne ya tsaya mataimakin Dokta Azikiwe a zaɓen 1979, daga baya ya zama ministan harkokin waje. A nan gida, makarantar da mishan ta SIM ta buɗe a Roni ta yaye mutanen da suka yi wa ƙasar nan aiki a wurare da dama. Ba baƙi ba ne mu a ƙasar nan, ba kuma yau muka fara ba da gudummawa ba. Littafi Mai Tsarki kansa ya ba mu labarin Yusufu a Masar da Daniyel a Babila, mutanen da suka riƙe aikin hukuma a tsakiyar waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ba su kuma sayar da bangaskiyarsu ba. Tsarin mulkin 1999 ma yana bayanmu: sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, na 40 ya ba da 'yancin shiga jam'iyya, na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Tun 2018 kuma aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Sule Lamido, wanda ya mulki jihar nan daga 2007 zuwa 2015, yana saurayi ya fara a PRP ta Malam Aminu Kano, ya shiga majalisar wakilai a 1979. Ba wanda aka haifa da kujera.

Amma tsoron dattawa ba banza ba ne, matasa su ji wannan da kyau. Ba mu manta da watan Afrilun 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa, aka ƙona majami'u da masallatai da shaguna. Ba mu manta da farkon Agustan 2024 ba, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta koma fasa wurare da kwasar kaya, har Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita. In ƙura ta tashi, marasa rinjaye ne suke fara shan ta. Don haka duk ɗanmu da ya yarda aka mai da shi ɗan banga, ko sojan baka mai zagin mutane a waya don a tura masa kuɗin kati, ba kansa kaɗai ya jefa cikin hatsari ba, har da gidansu da majami'arsu. Kalma ɗaya ta rashin hankali a kan addinin wani ta isa ta jawo abin da shekara goma ba za ta gyara ba.

Akwai wani tarko kuma mai kama da girmamawa, wato muƙamin "kodinetan Kiristoci" da ake ƙirƙirowa in zaɓe ya matso. A ba yaro hula da babur, a ce ya kawo mutanensa. Ya tara mata a raba musu taliya da atamfa, a ɗauki hoto, bayan zaɓe kuma ko wayarsa ba a ɗauka. Muna shawartar matasanmu su nemi kujerar da take cikin tsarin jam'iyya, wadda take da ƙuri'a a taro, ko da ƙarama ce, maimakon suna mai daɗi da yake mutuwa ranar da aka faɗi sakamako.

Ga shugabannin ikkilisiya, muna ba da shawara kamar haka. Kada a ba ɗan takara bagadi ya yi kamfe, kada kuma fasto ko dattijo ya ambaci sunan jam'iyya a wa'azi. Duk gudummawar da ɗan siyasa ya kawo, a sanar da ita a gaban jama'a, a rubuta ta a littafi, a kuma gaya masa ba ta sayi ƙuri'ar kowa ba. Zumuntar matasa ta kowace gunduma ta kira zama ɗaya da 'ya'yanta na dukan jam'iyyu, a rubuta bukatun nan namu a takarda guda, gajeriya, cikin ladabi, kowa ya ɗauka ya kai gidansu. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi, Babura tana tare da Garki, dukanmu kuma sanata ɗaya muke da shi na Jigawa ta Arewa maso Yamma. Ba mutane ne masu yawa ba, ana iya samun kowannensu a zauna da shi. Zumuntar mata kuma ta duba gida gida ta tabbata duk wanda ya kai shekara 18 yana da katin zaɓe. Zaɓen 2027 yana tafe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, 'ya'yanmu, ku tuna cewa jam'iyya riga ce. Manyan da kuke faɗa dominsu sun sha sauya ta, Saminu Turaki kansa a APP ya ci zaɓe, a PDP ya sauka daga mulki. Wanda kuka ƙi gaisawa da shi yau saboda hula, shi za ku tarar a gefenku a teburin Jibin Ubangiji, shi ne kuma zai riƙe muku gatari ranar haƙa kabarin mahaifinku. Ku yi gardama, ku sha bamban, amma kada ku bari bango ya tsage har ƙadangare ya sami wurin shiga. Mu kuma iyaye, mu daina yi musu kallon ɓatattu. Mu tambaye su abin da aka tattauna a taro, mu yi musu addu'a da suna, mu tsawata musu in sun kauce.

Ubangiji ya ba shugabanninmu na jiha da na ƙasa hikima da tsoronsa, ya tsare matasanmu, ya ba Jigawa da Nijeriya zaman lafiya. Amin.