A Ba Kowane Aiki Sunansa, Amma A Yi Wa Masu Gyaran Waya Uzuri

Yau maganata a kan yaranmu masu gyaran waya ce, masu yin filashin, wato sake zuba manhajar da ke tayar da na'ura. Da yawansu ba su yi makarantar kwamfuta ba. Umarnin da suke bugawa a baƙin allon nan, wajen maigida suka kwafa ko a YouTube, suka rubuta a bayan littafin bashi.

Masu ƙera irin waɗannan kayan aiki sun koma tsara umarni reshe-reshe: a fara da sunan manhajar, sannan sunan aikin da ake so. Haka kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya yi, mai yin ESP32 ɗin nan da ɗalibai ke haɗa aikin kammala karatu da shi: idf.py build ya haɗa manhaja, idf.py flash ya zuba ta, idf.py monitor ya nuna abin da na'urar ke faɗa. Ni dai ina bayan wannan tsari. Wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san amfanin raba layi, na Jos daban, na Fatakwal daban.

Ku dubi fastboot da ake filashin wayoyin Android da shi. Harafi ɗaya tak, -w, in aka liƙa shi a jikin umarni, yana share duk abin da mai waya ya ajiye. Yaro zai kwafo layin bai san abin da ya ɗauko ba, hotunan biki da lambobin abokan ciniki su tafi, ga Hajiya tsaye a bakin shago tana jira. Alhali fastboot erase userdata ya faɗi ɓarnarsa ƙarara, mai ɗan Turanci kaɗan ma zai dakata.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake sauyin. Daga 2015 wayoyin Google suka koma fastboot flashing unlock, wasu kamfanoni kuwa suka zauna a kan fastboot oem unlock. Umarni biyu ke nan ke yawo a littattafan yara, dukansu kuma suna share waya in sun ci. Espressif ya fi nuna ya kamata. Ya mai da idf.py babbar hanya a fitowa ta 4.0 a 2020, bai cire tsohuwar hanyar make ba sai a 5.0 a 2022. Da esptool ya mai da write_flash zuwa write-flash a 2025, tsohon rubutun ya ci gaba da aiki, gargaɗi kawai yake bayarwa. Mai sayen data ta ɗari biyar ba kullum yake bin labarin sauyi ba, wannan gargaɗin shi ne sanarwarsa.

Ku kuma iyayen gida masu shago, don Allah ku karɓi littafin yaron nan ku duba, duk layin da ke da -w a ja masa jan biro.