Dajin Termit Ba Kango Ba Ne

Ƙasar Nijar ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. A taswirar da ake ratayawa a bangon aji, gabashin ƙasar kusan babu rubutu a kansa. Daga Gure zuwa Bilma, daga Tasker zuwa Ngurti, sai launin rairayi kawai. Yaron da aka haifa a Yamai, in ya dubi wurin, sai ya ce: "Can ai babu kowa, babu komi." Da yaro ne kaɗai ke faɗin haka, da da sauƙi. Amma akwai manya masu irin wannan tunani, kuma cikinsu har da masu sa hannu a takarda.

Wurin nan kuwa da mutanensa. Akwai Tubawa da Larabawa masu kiwon raƙuma. Daga kudu akwai Fulani da Buzaye da bisashensu. Akwai rijiyoyin da kakanni suka gina, kowace da sunanta, kowace da dangin da ke kula da ita. Akwai hanyoyin ayari masu zuwa Bilma da Fashi ɗaukar gishiri da dabino. A tsakiya ga duwatsun Termit, baƙaƙe, sun miƙe cikin rairayi. Gabas da su ga hamadar Tin Tumma. A nan barewa take, da ragon dutse, da tuje, da yanyawa. A nan kuma wata dabba take wadda Turawa ke kira adaks. Ƴar'uwar mariri ce, fara, mai murɗaɗɗun ƙahoni. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ciyawa da ganye sun ishe ta. A dā ana samunta ko'ina cikin Sahara. Daga baya sai ya zamana babban garkenta na ƙarshe a duniya a Tin Tumma yake.

To, wannan daji na wane ne? Gona tana da mai ita, gida yana da mai shi. Daji kuwa na ƙasa ne, wato na jama'a duka, gomnati ce ke riƙe da shi amana. Dokoki sun bayyana haka. Tun shekarar 1961 aka ja iyaka daga yamma zuwa gabas, aka ce arewa da ita ƙasar kiwo ce, ba ta manyan gonaki ba. A shekarar 1993 aka fito da dokar tsarin karkara. Ita ce ta ce makiyayi yana da haƙƙi na farko a wurin da danginsa suka saba zama da shayar da bisashe, kuma ba a raba shi da wannan haƙƙi sai don amfanin jama'a, bayan an biya shi diyya. A shekarar 2010 wata doka ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyaya, ba alfarma ba ce. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kamar mai da ƙarafa, shi ma na ƙasa ne. Ke nan ciyawar da ke sama da man da ke ƙasa ubangijinsu ɗaya. Daga nan wahalar take farawa.

Tun shekarun 1970 da 1980 kamfanonin Amurka da na Faransa suka yi ta haƙa a gabashin Nijar. Sun ga alamar mai, amma suka ga wurin da nisa, kai shi bakin teku zai ci kuɗi, suka tafi. A shekarar 2008 gomnati ta yi yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a kan filin Agadem, cikin jahar Difa. Aka gina rijiyoyi. Aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 462 zuwa kusa da Damagaram. Can aka gina matatar mai ta SORAZ, aka buɗe ta ran 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2011. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana. Daga baya aka shimfiɗa wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000, daga Kulele har bakin teku a Seme, cikin ƙasar Benin. A watan Mayu na shekarar 2024 jirgin ruwa na farko ya yi lodin man Nijar.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai faɗin gaskiya ba zai raina shi ba. Kafin shekarar 2011 duk ɗigon man da mota ke sha a Yamai daga waje ake sayo shi. Kuɗin mai suna shiga baitulmali, daga baitulmali ake gina aji, ake biyan malami da likita. Har ma da wani amfani da ba a cika tunawa da shi ba: matatar tana fitar da gas na girki. Duk uwargidan da ta ɗora tukunya a kan gas, ta rage wa jakai da manyan motoci lodin itacen da ake sarowa daga dazuzzukan da ke kewaye da Yamai. Mai yana iya ceton itace. Saboda haka wanda ya ce a toshe rijiyoyin Agadem a tafi, bai san halin da talaka ke ciki ba.

Amma a dubi abin da ya faru a saman ƙasar. A watan Maris na shekarar 2012, wato wata uku da ƴan kwanaki bayan buɗe matata, gomnati ta mai da Termit da Tin Tumma gandun daji na ƙasa. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafi girma a Afirka. An yaba wa Nijar ko'ina. Sai dai wani babban yanki na gandun ya hau kan filin da aka riga aka ba kamfanin mai. Takarda biyu, fili ɗaya. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi, amma haka aka yi ta tafiya shekara bakwai.

Neman mai ba aikin shiru ba ne. Manyan motoci suna ratsa hamada a jere, suna girgiza ƙasa don a gane abin da ke ciki. Ana share hanyoyi, ana kafa sansani, ana sauko da jirage. Dabbar da ta saba da kaɗaici sai ta firgita, ta bar wurin da ciyawa take. Mafi muni, hanyar da aka share don mota mai ɗauke da bututu, ita ce mota mai ɗauke da bindiga ke bi. Bayan rikicin Libiya na shekarar 2011, makamai da motoci sun yi yawa a hamada. A shekarar 2010 masu bincike sun ƙiyasta adaks wajen 200 a wannan yanki. A watan Maris na shekarar 2016 suka koma, suka bi ta sama da jirgi, suka bi ta ƙasa da mota. Uku suka gani. Uku rak! A cikin rahotonsu sun ɗora laifin a kan hayaniyar aikin mai, da kuma farautar da wasu daga cikin masu tsaron wuraren aikin ke yi.

Me aka yi? A watan Yuni na shekarar 2019 majalisar ministoci ta zauna a Yamai, ta sauya iyakar gandun. Aka cire kusan rabinsa, wato yankin gabas inda filayen mai suke, inda kuma adaks take. Aka ƙara wani fili daga yamma don lissafi ya cika. Amma dabba ba ta karanta takarda. Ba wanda zai je ya gaya wa adaks cewa an mayar da gidanta yamma. Mutane da yawa sun yi kuka, a cikin ƙasa da waje. A watan Janairu na shekarar 2021 aka sake gyara iyakar, faɗin gandun ya tsaya a murabba'in kilomita 86,215. Gyaran abu ne mai kyau, kuma ya nuna kuka yana da amfani. Duk da haka, cikin shekara tara an ja iyakar wuri ɗaya sau uku. Iyakar da ke matsawa duk lokacin da mai ƙarfi ya jingina da ita, darni ce da gara ta ci.

Dalilin da ya sa mai yake rinjaye a bayyane yake. Mai yana da lissafi: ganga kaza a rana, kuɗi kaza a shekara. Ciyawa ba ta da irin wannan lissafi. Babu wanda ke rubuta ƙwaryar nonon raƙumi nawa aka tatsa a Tasker. Babu wanda ya san kuɗin rijiyar da ta shayar da zuriya bakwai. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a ofis sai a ɗauka babu shi. Alhali kiwo yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe da arzikin Nijar, kuma ya girmi mota, ya girmi ofis ɗin kansa.

Ga kuma wata gaskiya: mai baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Rijiyar mai ba kamar rijiyar ruwa ba ce, ba ta sake kawowa bayan damina. In ya ƙare, ya ƙare. Nijar ta riga ta ga misali. A kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya fara fitar da ƙarfen uraniyom a shekarar 1978. A watan Maris na shekarar 2021 ya rufe, don ƙarfen ya ƙare. Shekara 43 ke nan, ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba. Ma'aikata suka watse. Aka bar tsibin dusar ma'adini mai guba wajen tan miliyan 20, wanda sai an rufe shi, an yi ta tsaronsa shekara da shekaru. Ran da za a rufe rijiyar ƙarshe a Agadem, injiniyoyi za su hau jirgi. Batube da raƙumansa ba inda za su.

Wani zai ce: "Yaya za a kwatanta barewa da asibiti? Yara na mutuwa da zazzaɓi, ana maganar ƙaho!" Maganar tana da nauyi. Amma ba wanda ya ce a zaɓi ɗaya. Adaks ba ta sha ganga ko ɗaya ba. Abin da ya kashe ta harsashi ne da sakaci, kuma hana waɗannan biyu ba ya rage wa asibiti ko dala.

Mutanen Kure sun nuna ana iya zama tare. Kure tana wajen kilomita 60 daga Yamai, a kan hanyar Doso. A can raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke, ba cikin shinge ba, cikin gonakin mutane. A shekarar 1996 saura 49 kawai. Aka hana farautarsu, aka sa ƴan ƙauyukan cikin aikin, wasu suka zama ƴan rakiyar baƙi masu zuwa kallo. Raƙumin dawa yana cin waken manomi, yana cin mangwaro, kuma manomi yana jin zafi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma an yi haƙuri da juna. Bayan shekara 20 sun wuce 600, har a shekarar 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji, cikin jahar Maraɗi. Gaskiya ne manomi ba kamfanin mai ba ne. To amma in talaka mai gona ɗaya ya iya barin wuri ga dabba, mai injuna da jirage bai da hujja.

Abin da ya kamata ba shi da wuyar ganewa. Kafin a ba kowane kamfani fili, a fara sanin abin da ke kansa: rijiyoyi, burtali, makiyaya, wuraren da namun daji ke haihuwa. Dokar shekarar 2018 ta tilasta a yi binciken illar kowane babban aiki kafin a soma. Amma binciken da aka rubuta da Faransanci, aka ajiye a Yamai, ba ya amfanar mutumin Ngurti. A karanta masa da Tubanci, da Larabci, da Barbarci, da Hausa, a bakin rijiyarsa, tun ba a sa hannu ba. Akwai wuraren da za a ce: nan a haƙa, amma a bi hanya ɗaya, a rufe ramin ƙazanta, a hukunta duk wanda ya harbi dabba ko da wace irin riga ya sa. Akwai kuma wuraren da za a ce: nan ba a haƙa, ko nawa ne a ƙasa. Da zarar an faɗa, a tsaya a kai.

Batun kuɗi ma haka. Doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin mai da gomnati ke samu a mayar wa ƙananan hukumomin jahar da aka haƙo shi. Dokar ta yi kyau. Saura a riƙa manna lissafin a ƙofar ofishin magajin gari: nawa suka zo, me aka yi da su. Sannan tun yau a riƙa ware kuɗin gyaran wurin, tun rijiya tana ba da mai, ba sai ta ƙafe ba.

Ɗan makarantar Yamai ba sai ya yi tafiyar kilomita fiye da 1,000 ba kafin ya ga irin wannan ja-in-ja. Yana nan a bayan gari. Tun shekarar 1965 aka fara dasa itatuwan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, don su kewaye birnin, su tare iska da ƙura. Filin ya kai wajen hekta 2,500. Na jama'a ne shi ma, kamar Termit. Mai akuya yana kiwo a ciki, mata suna tsintar ƙirare, matafiyi yana shan inuwa. Da gari ya cika, filin ya yi tsada. Aka yanka nan, aka yanka can, kowa da takardarsa a hannu. A wurare da yawa inda tsofaffin unguwa suka san inuwa, yanzu katangar siminti ce da juji.