Dogon Hutun Damina da Karatun 'Yan Ƙaramar Sakandare

Zancenmu na yau a kan dogon hutun makarantun boko ne, wanda a kan bayar wajen ƙarshen Yuli, ba a komawa sai cikin Satumba, watau mako shida ko bakwai a tsakiyar damina. Yaran da mu ke nufi su ne na ƙaramar sakandare, 'yan shekara 12 zuwa 15, tsaran waɗanda a zamanin Turawa a ke kira 'yan Midil. 'Yan aji uku ma nasu hutun ya fi tsawo, gama tun wajen Mayu ko Yuni su ke ƙare jarrabawar fita, su zauna gida kusan wata uku.

Malamai, Allah ya gafarta muku, kun fi kowa sanin abin da hutu ke yi wa karatu. A makarantar allo hutun mako bai wuce Alhamis da wani yanki na Jumma'a ba, kuma ko gardi ya haddace izu sittin ba a barinsa ba tilawa, domin an san abin da aka ajiye ya kan zube. To, karatun boko ba shi da laƙanin da zai tsare shi daga wannan. Yaron da ya rufe littafi ran da aka ba da hutu, bai sake buɗewa ba sai ran komawa, ya kan koma harshensa ya yi nauyi, yana bin kalma ɗai ɗai da yatsa, malamin aji kuwa ya ɓata makonnin farko wajen maimaita abin da aka riga aka wuce.

Akwai abin da ya ƙara wa maganar nauyi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta yanke a koyar da 'yan firamare da harshen iyayensu. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an soke wannan, da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga ajin farko. Hujjarsa ita ce faɗuwa jarrabawa ta yi yawa inda aka bi tsarin. Masana da dama ba su yarda ba, suka ce tsarin bai ko sami malamai da littattafai ba balle a auna shi. Ba wannan gardama za mu raba yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ɗan Bahaushe zai yini a aji yana furta abin da bai gane rabinsa ba. Daɗin karatu kuwa, watau mutum ya karanta ya gane har ya yi dariya ko gabansa ya faɗi, da harshen da aka yi masa reno a ke fara jinsa, kuma wanda ya ɗanɗana shi da Hausa shi ne zai neme shi da Turanci da Larabci. Tun da Hausa ta tsaya darasi guda cikin darussa, lokacin da ya rage mata shi ne hutu, cikin hutu kuwa yaro ba hannun Gwamnati ya ke ba, yana hannunku, a zaure ko rumfa ko gona.

Waɗansu iyaye su kan biya kuɗin darasin hutu da a ke ce wa lesin. Ba mu ce banza ba ne, amma allo ne da alli da kwafa, irin wanda yaron ya baro. Abin da mu ke so daban ne: ya ɗauki littafi guda ya bi shi daga farko har ƙarshe, ba don jarrabawa ba.

Littattafan kuwa akwai su. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, sa'an nan ga Magana Jari Ce littafi uku. Gajeru ne yawancinsu, yaro mai himma zai ƙare ɗaya cikin mako. Mun sani malamai da yawa suna ƙyamar littattafan hira saboda na soyayya da suka yawaita tun wajen 1980 da wani abu, har a 2007 hukuma ta ƙone waɗansu a bainar jama'a a Kano. Amma da aka fizge wancan ba a ɗora wani a hannun yaro ba, sai waya ta cike gurbin, abin da ke cikinta kuwa ba uban da ke iya dubawa shafi shafi kamar yadda zai duba littafi.

'Yan kasuwa, ku ne yaran nan ke taya tsaron kanti a Kurmi da Kantin Kwari da sauran kasuwanni. Akwai sa'ar da ciniki ke kwantawa, maigida na gyangyaɗi, yaro na latsa waya. A sa shi ya karanta da ƙarfi shafi biyar, sa'an nan a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Nan a ke gane mai karatu da mai furtawa kawai, kuma ba sai maigida ya iya boko ba zai yi wannan. Wanda ke gona da safe yana da bayan Azahar. 'Yan mata su aka fi zalunta, gama hutunsu ya kan ƙare cikin talla da wanke-wanke, alhali kuwa mata a cikin gida sun fi kowa son a karanta musu labari da dare.

In littafi ya yi tsada, maƙwabta uku su haɗa kuɗi ya zaga. Malamin Islamiyya ya ajiye akwati ɗaya na littattafan da shi da kansa ya duba, ya riƙa ba da aro yana rubuta suna. Yaron da ya yi nisa a allo kuma, 'yan kwanaki sun ishe shi ya iya ajami, sai a miƙa masa shafin nan ya karanta wa kakansa. Haza wassalam.