MOTAR LANTARKI KO TA FETUR: WACCE CE ABIN HAWA NA ƘWARAI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa bayinsa abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, ranar Asabar ɗin da ta gabata, muna tashi daga Islamiyya, sai mahaifin wani ɗalibina ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, fatawa nake nema, amma ba ta sallah ba ce." Ma'aikaci ne a nan Kano, yana da tsohuwar Corolla wadda da ita yake sauke yara a makaranta, ya wuce ofis, ya biyo ta kasuwa ya yi cefane. Ya ce kuɗin mai ya hana shi sakat, don haka ya yanke shawarar sayar da ita, ya ci bashin banki ya cika naira miliyan 12, ya sayi motar lantarki ƙirar ƙasar Sin. Na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki. Abin da mai karatu zai gani a ƙasa shi ne amsar da na ba shi, na ga ya dace in rubuta ta domin na san ba shi kaɗai ne yake wannan tunani ba.

ASALIN HUKUNCI

Da farko dai, babu wata mota Musulma ko kafira. Ƙa'idar malamai ita ce, asalin abubuwan amfani na duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani. A Suratun Nahli, aya ta 8, bayan an ambaci dabbobin hawa da Larabawa suka sani, an rufe ayar da nuni ga wasu halittun da mutanen wancan zamani ba su sani ba, kuma malamai da dama na wannan zamani sun fahimci cewa mota da jirgi suna ciki. Haka nan ya zo cikin hadisin da Ibnu Hibban ya ruwaito cewa abin hawa na ƙwarai yana daga cikin abubuwan da ke kawo wa mutum jin daɗin rayuwa, mummunansa kuma yana daga cikin masu kawo wahala.

Ashe ke nan tambayar ba ta halas da haram ba ce a kan ita kanta motar. Tambayar ita ce: wacce ce za ta zame maka abin hawa na ƙwarai, kai, a garinka, da aljihunka, ba tare da ta jefa ka cikin ɓarna ko riba ko cutar da wasu ba? Wannan kuwa sai da lissafi.

LISSAFIN KUƊI

Kukan wannan bawan Allah gaskiya ne. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, zuwa watan Oktoba na 2024 kuma ya haura 1,000 a garuruwa da dama. Kuma abin takaicin shi ne, injin fetur ba ya mayar da ko kashi 1 cikin 3 na ƙarfin man da ya sha zuwa tafiya, sauran duk zafi ne da hayaƙi. Ita kuwa motar lantarki tana amfana da wajen kashi 3 cikin 4 na wutar da aka zuba mata, ko fiye. Ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, birkinta ma yana daɗewa saboda injin ne yake rage mata gudu yana mayar da wuta cikin batir.

To, mu yi lissafi. Tsohuwar ƙaramar mota a cunkoson gari tana shan kamar lita 9 a kilomita 100. Idan muka ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 9,000 ke nan. Motar lantarki mai irin wannan girma tana cin kimanin ma'aunin wuta 16 a wannan nisa, wato abin da muke kira yunit a mitar gidajenmu. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225. Ko da wannan farashi mai tsada aka yi lissafi, naira 3,600 ce kawai. Babu shakka a nan motar lantarki ta yi wa ta fetur fintinkau.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Na tambayi mutumin nawa nisan zirga-zirgarsa, muka auna, ba ta wuce kilomita 30 a rana ba, wato 900 a wata. Da fetur zai kashe wajen naira 81,000, da lantarki kuma wajen 32,000. Rarar da zai samu ba ta kai 50,000 a wata ba, ba ta kai 600,000 a shekara ba. Ka raba miliyan 12 da wannan adadi, ya mai karatu, za ka ga sai ya yi shekara 20 kafin rarar ta biya abin da ya cika, ban da ruwan da banki zai ɗora masa. Ko an haɗa da kuɗin baƙin mai da ƙananan gyare-gyaren da zai huta da su, shekarun ba za su sauko ƙasa da goma sha ba. Alhali garantin da yawancin kamfanoni ke bayarwa a kan batir shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Da na nuna masa wannan a takarda, sai ya yi shiru.

INA WUTAR TAKE?

Duk wancan lissafi an gina shi ne a kan cewa akwai wuta. A ƙasar Norway, inda kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, wutarsu daga madatsun ruwa take zuwa, kuma ba ta yankewa. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur da na dizal a 2024, tana da madatsar da ta ƙaddamar a kan kogin Nilu a 2025, mai ƙarfin megawat fiye da 5,000. Wannan adadi kuwa shi ne kusan abin da babban layin wutar Nijeriya gaba ɗaya ya saba rabawa ga mutum fiye da miliyan 200. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Wanda motarsa ta dogara da wutar gari a wannan mako, da ƙafa ya je masallaci, da ƙafa ya kai mara lafiya bakin titi.

Wani zai ce ai akwai janareta. A nan ne ake yin an gudu ba a tsira ba. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita guda. Kafin ya ba ka yunit 16, ya sha lita 8 zuwa 10, wato daidai abin da Corolla ɗin za ta sha. Ka sayi mota mai tsada, ka ci gaba da sayen mai, ka ƙara wa maƙwabta ƙara da hayaƙi.

Mafita ta gaskiya a ƙasarmu ita ce rana, wadda Allah ya wadata mu da ita. Tafiyar kilomita 30 tana buƙatar kamar yunit 5 ne, kuma farantan sola 5 ko 6 masu kyau za su iya samar da hakan a yini. Amma a lura, lokacin da rana take dukan farantan, motar tana ofis. Dole ke nan a tanadi babban batir a gida da zai riƙe wutar zuwa dare, ko a yi caji a wurin aiki. Wannan ma wani kuɗi ne da za a sa a lissafi tun farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma tafiya mai nisa da gyara. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, kuma gidajen mai a jere suke a hanya, wuraren caji kuwa har yanzu ƙalilan ne. Zafin bazara da ke haura maki 40 yana gajarta rayuwar batir. Idan Corolla ta lalace, kowane lungu akwai bakanike, kayan gyaranta kuma suna nan jibge a Ƙofar Ruwa. Idan batirin motar lantarki ya sami matsala, masu iya taɓa shi kaɗan ne, kuma shi ne abu mafi tsada a jikinta.

HAƘƘIN WANDA BA YA CIKIN MOTA

Mumini ba ya lissafin aljihunsa kaɗai. Shari'a ta hana cutarwa, kuma hayaƙin mota cutarwa ne. Kowace litar fetur da aka ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ban da gubar da ke shiga huhu nan take. Wa yake shaƙar ta? Ba mai motar da ya rufe gilashi ya kunna sanyi ba ne. Yarinya mai talla ce a bakin danja, da almajiri, da ɗan sanda mai ba da hannu, da mai shago a gefen titi. Ta wannan fuska motar lantarki ta fi kusa da adalci.

Amma ita ma ba ta kuɓuta ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ake sa wa batura da yawa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma tun 2016 ƙungiyar Amnesty ta bayyana yadda ƙananan yara ke aiki a wasu ramukan haƙarsa. Alhamdu lillahi, yanzu akwai nau'in batir da ba ya buƙatar kobalt, kuma motocin Sin da yawa shi suke amfani da shi, don haka mai saye ya tambaya. Mu ma nan gida, tun da aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa a 2024, wajibi ne mu sa ido kada arzikin ya zama sanadin lalata gonaki da ruwan shan talakawa.

RA'AYINA

Abin da na gaya wa mahaifin ɗalibina shi ne: kada ka sayar da motarka. Ka gyara ta, ka daidaita iskar tayoyinta, ka haɗa saƙonninka a fita ɗaya, masallaci da shagon unguwa ka taka da ƙafa ka samu lada. Fiye da komai, kada ka kusanci bashi mai ruwa. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara a kan riba ba su keɓe motar da ba ta hayaƙi ba, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma fitowa sai an yi dubu. In ma sayen ya zama dole wata rana, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, waɗanda ke saye su sayar maka da riba sananniya ta ciniki. Sa'annan kowa ya binciki zuciyarsa: sauƙi nake nema, ko so nake a ce wane ne ya fara shigo da ita unguwa?

Wanda kuwa Allah ya hore masa, dama sabuwar mota zai saya da kuɗinsa, yana da sola ko tsayayyiyar wuta, kuma zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, to ina ganin ta lantarki ta fi masa, ta kuma fi wa jama'a. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Amma inda na fi ganin alherin wannan fasaha shi ne abin hawan talaka. Mai A Daidaita Sahu ko tasi da ke yin kilomita 150 a rana, tafiyarsa ta ninka ta ma'aikacin ofis sau 5, don haka kuɗinsa zai dawo da wuri, fasinja ma ya samu rangwame. Ba mafarki ba ne. A Maiduguri, Injiniya Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da lantarki, kuma a watan Disamba na 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da tasi masu lantarki. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Me zai hana mawadatanmu su yi waƙafin rumfar sola a tashoshin mota da harabar manyan masallatai, masu keke su yi caji da rahusa, kuɗin ya tafi ga marayu da albashin malaman Islamiyya? Kakanninmu sun haƙa rijiyoyi a kan hanyar fatake don neman lada mai gudana. Wannan ita ce rijiyar zamaninmu. Me kuma zai hana mu tura matasanmu su koyi gyaran batir tun yanzu, kafin motocin su cika gari a rasa mai taɓa su?

Jiya na hango mutumin nawa ya zo ɗaukar yaronsa a tsohuwar Corolla ɗinsa. Ya ɗaga mini hannu yana dariya, ya ce ya fara tarin kuɗin sola, mota kuma sai Allah ya kawo lokacinta.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai gyara, musamman 'yan'uwa injiniyoyi. Allah ya azurta mu da abin hawa na ƙwarai, ya tsare mu daga riba da riya da almubazzaranci, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sauƙaƙa wa talakawa wannan tsadar rayuwa. Wallahu a'alam.