Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ina goyon bayan samar da lantarki daga iskar teku, aikin da Denmark ta fara a 1991, domin ba ya hayaƙi. Sai dai rashin hayaƙi ba ya nufin rashin illa. Ƙarar buga turakun injinan a ƙasan teku tana korar dabbobin ruwa masu shayarwa, waɗanda da kunne suke farauta, har tana iya lalata musu ji. Jamus ta hana ƙarar wuce desibel 160 a nisan mita 750, kamfanoni suka koma kewaye wurin bugun da labulen kumfar iska, aiki kuma bai tsaya ba. A ganina, duk ƙasar da ke son wannan lantarki, to ta fara kafa irin wannan doka.