Inshorar Lafiya: Ina Rabon Manomin Faskari?

Kowa ya san yadda ciwo ke talauta gida a ƙasar nan. In naƙuda ta yi gardama a wani ƙauyen Sabuwa, ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar da yaro a Faskari, mai gida ba shi da abin yi sai ya karyar da buhun masara tun da kaka, ko ya jinginar da gona. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan magani a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Don maganin wannan ne aka kawo inshorar lafiya.

Abin ba baƙo ba ne gare mu, gayya ce irin ta zamani. Kowa ya zuba ɗan abin da ya sawwaƙa tun yana da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun jama'a.

An kafa shirin na ƙasa da dokar soja a 1999, ya fara aiki a 2005, amma galibi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suka amfana. Dokar Lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar kan kowa. Jihar Katsina ma ta kafa hukumarta ta taimakekeniya a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari.

Ke nan ƙofofi uku gare mu. Ma'aikaci ana cire masa daga albashi, a shirin Tarayya kuwa a duba shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗalibai suna da nasu shirin na manyan makarantu. Talaka, da mai ciki, da ƙananan yara, su aka yi wa tanadi a asusun nan na 2014.

To, amma kati ba ya allura. Tun kafin a sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, 'yan bindiga suka addabi wannan yanki. Malamin asibiti ba ya zama inda ransa ba shi da tabbas. Me katin zai amfana wa matar da sai an kai ta Funtuwa cikin dare, a kan hanyar da direba ke tsoron bi?

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta bi mutane har inda suka yi gudun hijira ta rubuta sunayensu, ta tsare ma'aikatan lafiya, ta kuma liƙa a ƙofar kowane asibiti, da boko da ajami, abin da mai kati ba zai biya ba.

Mu ma da sauran aiki a kanmu. Da gumin manoman nan aka ilmantar da mu. In mun je hutu, mu bayyana wa iyayenmu haƙƙinsu, mu raka su wurin rajista, mu tambayi kansila inda rabon gundumarsa ya shiga. Wanda bai san yana bin bashi ba, ba ya zuwa karɓa. Allah Ya sa mu dace, amin.